Maganar da Ba Ta Cikin Littafi

Auta ba ta ƙara kurɓar shayinta ba tun da Baba ya ce zai je kallon wasan.

A falo ya faɗa, da safe, yana goge gilashinsa da bakin riga, kamar mai cewa zai leƙa shagon aski. Mutumin da bai taɓa taka zauren taron unguwa ba, wanda yake kiran wasan kwaikwayo aikin waɗanda suka rasa abin yi, wai yau shi ne zai zauna a kujerar gaba.

"Na gaji da koke-kokenki," in ji shi. "Kin ce yaron nan ba haka yake ba. To, zan je in gan shi da idona. In na dawo zan faɗi magana ɗaya, daga ita kuma babu wata."

Yaron nan shi ne Kafinta. Shagonsa yana bayan makarantar da Auta ke koyarwa, kuma shi ke haɗa wa ƙungiyar wasan unguwa ƙofofi da tagogin da ake kafawa a dandali. Allah ya ba shi murya mai kauri da gira mai haɗewa, saboda haka duk wasan da za a yi, shi ake miƙa wa mugun ciki. Ya fito a ɓarawo, ya fito a azzalumin mai gida, har yara suka daina kiransa da komai sai Mugu. Sunan nan ya riga shi isa falon Baba. Duk sanda ya nemi izinin turo manyansa, amsar ɗaya ce, Baba ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da mugunta take yi wa kyau haka ba.

A gefe guda kuma ga Mai Kemis, ɗan abokin Baba da shi ma yake neman Auta, mai mota da turare da gaisuwar da ba ta ƙarewa. Shi ke kawo wa Mama maganin hawan jini tun kafin na hannunta ya ƙare. Ba shi da wani laifi da za a nuna da yatsa, kuma a wurin Auta wannan shi ne babban laifinsa. Mama ce ta raɗa mata a kicin cewa shawarar zuwa kallon ma tasa ce, kuma shi zai kai Baba a motarsa.

Mama ta yi zaton za ta ga fara'a. Sai ta ga 'yarta ta jingina da bango, fuska babu walwala. Ta tambaye ta ko ba abin da take ta roƙo ke nan ba, a ba yaron dama. Auta ta ce shi ne. Ta ɗauki jakarta ta fita ba ta ko sa takalmin da ya dace da kayanta ba.

Ba muguntar Kafinta a dandali ce ta tsorata ta ba. Abin da ta sa masa a baki ne.

Ita ta rubuta wasan. Wani tsohon littafin labari ne da yara ke karantawa a aji, ƙungiyar ta ce ta mayar musu da shi na dandali. Aikin ya tafi sumul har ta zo inda ƙanwa ta dawo gidan yayanta bayan mijinta ya rasu. Littafin cewa kawai ya yi, yayan ya gaya mata maganganu masu zafi ya rufe ƙofa. Littafi yana iya faɗin haka ya wuce abinsa, amma dandali ba ya yarda. A dandali sai an ji maganganun da kunne.

Ta rubuta ta yaga, ta sake rubutawa ta yaga. Duk abin da ta ƙirƙiro, in ta karanta da ƙarfi sai ta ji shi kamar faɗan 'yan wasa. Ana nan wata rana tana wanke-wanke, kalmomin suka zo mata gaba ɗaya, a jere, babu wadda take bukatar gyara. Ba ƙirƙirarsu ta yi ba. Tana 'yar firamare ta ji su, tana laɓe bayan ƙyauren ɗaki, ranar da Goggo, ƙanwar Baba, ta dawo da jaka ɗaya da takaba. Goggo ta auri wanda Baba bai so ba, kuma ko mutuwar mijin ba ta sa Baba ya huce ba. Tun daga ranar ba a sake ambaton sunanta a gidan ba. Auta kaɗai ke satar hanya ta je gaishe ta can ƙarshen gari.

Da ta zuba kalmomin a takarda ta ce wa kanta ai Baba ba zai taɓa zuwa ba. Haka mutum yake rarrashin kansa in yana son ya yi abin da bai kamata ba.

Ta samu Kafinta a shago yana shafa wa ƙofar dandali fenti na ƙarshe, fensir a maƙale bayan kunnensa. Yana ganin fuskarta ya ajiye buroshi. Ya share mata benci da hannun rigarsa, ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya jira.

Da ta ce Baba zai zo, sai ya yi murmushi, ya ce to ai alheri ne, zai yi ƙoƙari ya zama mugu mai ladabi. Ba ta yi dariya ba. Ta gaya masa komai, tun daga ƙyauren da ta laɓe har zuwa wanke-wanken, tana faɗa hawaye na ɗiga kan jakar da ta rungume.

Kafinta ya gyaɗa kai.

"Shi ya sa," in ji shi a hankali. "Duk sanda na faɗi maganar nan a wurin gwaji, sai in ji ina son in wanke bakina. Na yi ta cewa a raina, Malama mai sanyin hali, ina ta samo wannan?"

"In ya ji ta daga bakinka mun gama," ta ce. "Ba zai ce wasa ba ne. Cewa zai yi na kwashe sirrin gidanmu na ba ka, ka tsaya gaban unguwa kana kwaikwayonsa don ka rama. Ka san shi. Goggo 'yar uwarsa ce, ciki ɗaya, ka ga yadda ya yi da ita. Kai wane ne?"

Ya ce ta je ta gaya wa Baba gaskiya tun kafin ya zauna a kujerar. Ta girgiza kai. Ta ce ta gwada a zuciyarta tun daga gida har nan, ko a zuciyar ma ba ta iya kai ƙarshen jimlar ba. Ya ce to a cire wurin gaba ɗaya. Nan ma ta girgiza kai, kuma shi kansa ya san dalili tun kafin ta faɗa.

Dalilin Nas ce, wadda take fitowa a ƙanwar. Nas ta iya kuka a dandali har 'yan kallo su taya ta, amma ba ta haddace wasa yadda sauran mutane suke yi. Wutsiyar maganar abokin wasanta take kamawa. In ta ji kalmomin ƙarshe, nata sai su zubo kamar an buɗe famfo, in ba ta ji su ba, ko za a kwana tana nan tsaye kamar an dasa ta. A wannan wurin kalmomin da take jira su ne "sau biyu". Ga shi tana bakin aiki a asibiti, ba ta ɗaukar waya a ɗakin marasa lafiya, kuma sai dab da buɗe labule za ta iso. Daraktan ƙungiyar kuwa dokarsa kowa ya sani, ranar wasa ba a taɓa ko waƙafi.

"To ki rubuta mini wata," in ji Kafinta. "Mai zafi, amma ba tasa ba. Ki dai ƙare ta da sau biyu. Nas ba za ta lura ba, Darakta kuma in ya lura sai ya yi faɗansa bayan an tashi."

Ya zare fensirin daga kunnensa ya miƙa mata, ya jawo wani guntun katako da aka goge. A kan katakon ta rubuta. Sabuwar maganar ba ta da daɗi ko kaɗan, wai yayan yana cewa ya yi mata gargaɗi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta san ba ta kai ta farkon ba, kuma abin da take so ke nan.

Ya karanta, ya maimaita, ya sake maimaitawa yana zagaya shagon. Ta zauna tana kallonsa, tana jin son mutumin nan, tana kuma jin tsoron da ya fi son ƙarfi.

"In abin ya ɓaci fa?" ta tambaya.

"In ya ɓaci zan ce ni na ƙara da kaina."

"Ka yi masa ƙarya?"

"A'a, kin yi gaskiya, ba zan iya ba," ya ce. "Sai dai in yi shiru. Shiru na iya."

Ta fashe da kuka sosai a nan. Ta ce masa ba ta son ta zama Goggo, ba ta son ta zaɓi tsakanin ƙofar gidansu da shi, domin ta san duk wanda ta zaɓa, ɗayan zai bi ta har kabari. Ya ce ba zai taɓa bari ta fita ta ƙofar da ba za ta iya komawa ba, ko da hakan na nufin ya gan ta a motar Mai Kemis. Ta ce kada ya sake faɗin haka. Ya ce to, ya janye, amma ta share ido kada Darakta ya zaci ita ce za ta fito a ƙanwar.

Da yamma ta yi, zauren ya cika tun rana ba ta yi sanyi ba. An rufe tagogi da baƙin yadi, fanka ɗaya tana juyawa tana kuka, iyaye da 'yan makaranta sun cika benci har bakin ƙofa. Auta ta zauna a wurinta na kullum, kan 'yar kujera a bayan labulen gefe, takardun wasan a cinyarta. Aikinta ke nan ranar wasa. In wani ya manta maganarsa, ita ke raɗa masa daga nan, a hankali, yadda 'yan kallo ba za su ji ba.

Labulen yana da 'yar huda daidai idonta. Ta nan ta hango Baba a layin gaba, ya harɗe hannuwa, fuskar nan babu ko alamar wasa. Mai Kemis yana gefensa riƙe da gorar ruwa, yana miƙa masa tun kafin ya nema.

Wasan ya fara, ya tafi lafiya. Mutane suka yi dariya inda ya kamata, suka yi tsaki inda ya kamata. Kafinta ya fito da gemun da aka shafa wa hoda ya yi fari, ya cika dandalin da muryarsa, wata tsohuwa a baya ta ce Allah ya isa tun bai yi komai ba. Baba bai motsa ba. Auta kuwa tana bin layi da yatsa, amma ba ta ganin ko harafi ɗaya.

Sai ga Nas ta fito da jaka a hannu, ta buga ƙofar da ke tsakiyar dandali.

Kafinta ya buɗe. Ya dube ta, ya ɗaga kai kamar yadda aka koya masa, idonsa ya sauka kan layin gaba, ya haɗu da na Baba.

Abin da Auta ba ta lissafa ba shi ne harshe yana da tasa hanyar. Maganar da aka yi watanni ana taka ta ba ta gogewa don an rubuta wata a kan katako da rana. Da tsoro ya kama shi, sabuwar ta tashi ta bar shi, tsohuwar ta fito da kanta.

"Wannan ƙofar da kike bugawa, ta nan kika fita da ƙafarki. Ajiye jakar nan a waje, kada ta taɓa mini dakali."

Sai da ya faɗa sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya tsaya cak, bakinsa a buɗe.

Ta cikin hudar Auta ta ga Baba ya warware hannuwansa. Ya cire gilashinsa a hankali, ya riƙe shi a cinya.

Shiru ya sauka a zauren, ba a jin komai sai fankar. Nas tana tsaye da jaka tana jiran wutsiyarta, ba ta zo ba. Ta saci kallon labulen gefe. Kafinta bai ko waiwayo ba, ya dunƙule hannu, gumi yana wanke hodar gemunsa. Ya ce shiru ya iya, ga shi kuwa yana yi. Can baya aka fara gunaguni, wani yaro ya yi dariya aka buge masa baki. Mai Kemis ya karkata yana raɗa wa Baba wani abu, da ɗan murmushinsa na mai ladabi.

Baba bai ji shi ba. Kafinta yake kallo, kuma Auta ta san kallon nan. Sau ɗaya ta taɓa ganinsa, ta tsagar ƙyaure, tana 'yar firamare.

Ya riga ya gane. Kuma ya riga ya yanke wa zai ɗora wa laifin.

Sabuwar maganar tana kan harshenta. In ta raɗa ta, Kafinta zai kama, Nas za ta zubo nata, wasan ya tsira, a tafa a watse. Baba kuma ya koma gida da tabbacin cewa Mugu ya tsaya gaban unguwa ya yi masa ba'a da gangan, sannan tsoro ya hana shi ƙarasawa.

Ta miƙe tsaye, takardun suka zube ƙasa. Ba ta raɗa ba. Da muryar da take yi wa aji magana ta faɗa, muryar da babu wanda ya san ta kamar mutumin da ke zaune a layin gaba.

"Ni ƙanwata ta mutu tun ranar da ta fita. Ba na yi wa mutum ɗaya kuka sau biyu."

Nas na jin sau biyu ta saki jakar, ta durƙusa, maganarta ta zubo da kuka. 'Yan kallo suka zaci haka aka tsara, wai zuciyar yayan ce ke magana daga ɓoye, har wasu suka gyaɗa kai don sun ga gwaninta. Baba kaɗai ya juya kansa daga dandalin, ya dubi labulen gefe, daidai inda hudar take.

Yadda aka ƙarasa wasan, Auta ba za ta iya faɗa ba. Ta dai ji tafi, ta ji Darakta yana cewa bai san ko ya kore ta ko ya yi mata godiya ba. Ta tsugunna tana tattara takardu tana sake zubar da su. Sai ta ga takalman da take gogewa kowace safiya sun tsaya a gabanta.

'Yan wasan suka zame ɗaya bayan ɗaya. Kafinta kaɗai ya rage, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba bai amsa ba, 'yarsa yake kallo.

"Ashe kina ji ranar nan."

"Ina bayan ƙyaure, Baba."

"Shi ya san maganar tawa ce?"

"Sai yau da rana na gaya masa. Ni na rubuta, ni na ba shi. Bai san komai ba, wallahi bai sani ba."

Baba ya juya ga Kafinta. Ya daɗe yana duban gemun da rabinsa fari ne rabinsa baƙi.

"Kai kuma me ya tsayar da kai? Mantawa ka yi?"

"Ban manta ba, Baba. Bakina ne ya ƙi."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga gilashin zai mayar, sai ya fasa.

"Ni nawa bai ƙi ba," ya ce.

Mai Kemis ya leƙo ta gefen labule yana karkaɗa makullin mota, ya ce ya kawo ta bakin ƙofa don kada Baba ya sha tafiya. Baba ya yi masa godiya ba tare da ya dube shi ba, ya ce ya tafi abinsa, akwai inda zai biya.

Sannan ya tambayi Auta ko ta san inda take zaune yanzu. Bai faɗi suna ba, kuma ba a bukata. Kafin ta buɗe baki Kafinta ya ce shi ma ya san gidan, don shi ya sa mata sabuwar ƙofa bara da Malama ta roƙe shi.

"Kana da abin hawa?"

"Babur ne, Baba."

"Ya isa."

Auta ta bi su har waje. Mutane suna ta fitowa daga zauren, suka tsaya suna kallon ikon Allah, dattijon da bai taɓa miƙa wa Mugu hannu ba yana tattare riga yana hawa bayan babur ɗinsa. Ta matsa kusa.

"Baba, maganar da ka ce za ka faɗa."

Ya dube ta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ki je gida ki jira ni. In ta buɗe mini, zan faɗa miki. In ba ta buɗe ba..."

Bai ƙarasa ba. Ya dafa kafaɗar Kafinta, babur ɗin ya tashi.

Ta tsaya a bakin titi da takardun a ƙirjinta har suka sha kwana. Sai a lokacin ta tuna abin da Kafinta ya gaya mata bara yana dariya, ranar da ya dawo daga aikin ƙofar. Ya ce bai taɓa ganin mace irin Goggo ba, ya sa mata sakata mai ƙarfi ta ce ba ta isa ba, sai ya ƙara wata a sama. Da ya tambaye ta ko ɓarayi take tsoro, ta ce a'a, mutum ɗaya ne, kuma ta san wata rana zai zo.